Ridin da Ya Fito ta Roba

Na yi shekara arba'in da 'yan kai a gidan Malam kafin ya ga na kai loma bakina. Ba faɗa muke yi ba, haka aka tashe mu. Mu Fulani ne da suka jingine sanda suka kama fartanya a wani ɗan ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Harshen ya kusa ɓace mana, amma kunyar tana nan daram. Ranar da za a kai ni ɗakina, innata ta ja ni gefe ta ce abu biyu: kada ki kira sunansa, kada ya ga kina tauna. Na riƙe su. In na kai masa tuwo sai in koma bayan rumbu in ci nawa. Ko yanzu da yake kwance a ƙasa, maƙwabciyata da take rubuta mini wannan ta tambayi sunansa, na ce ta sa Malam kawai.

Bara ya rasu, bayan an shigo da gero. Har yau ina kuka, kuma ba na ɓoyewa. Masu cewa in yi haƙuri sun gaji sun bar ni. Amma labarin da nake so a rubuta na ciwon da ya yi shekara shida kafin nan ne, wanda kowa ya ɗauka shi ne ajali, kuma a cikinsa ne na yi dariyar da ban taɓa yin irinta ba.

Da zazzaɓi ya fara, sai ciwo a gefen dama na cikinsa, sai wurin ya kumbura ya yi zafi kamar an ɗora garwashi. Muka yi jiƙo, muka yi turare, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Da ɗanmu na fari, wanda yake aikin gwamnati a Kazaure, ya zo ya gan shi, bai ko zauna ba. Ya nemo mota muka tafi. Ba zan faɗi ko wane asibiti ba ne, domin likitan mutumin kirki ne, kuma ba ƙararsa na kawo ba.

Suka shafa wa Malam wani abu mai sanyi a ciki, suka goga na'ura, kayan cikinsa suka fito a allo. Ni dai hayaƙi kawai na gani. Likitan ya ce mugunya ce ta taru, kamar ƙurji amma daga can ciki. Ya ce hanya biyu ce, ko a yanka a kwashe, ko a zura siririyar roba ta fata ta riƙa tsiyayo da ita. Ya ce zuciyar Malam ta gaji, yana tsoron in an sa masa wuƙa ba zai tashi ba. Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka zura robar, aka manne ta da filasta, aka rataye leda a gefen gado. Kafin washegari zazzaɓin ya sauka. Likita ya ce shayi da kunu mai ruwa-ruwa kawai, sai ya ba da izini.

To, Malam da kantun ridi sai Allah. Yana da wata 'yar gona a gindin dutse da ba ya shuka komai a cikinta sai ridi, ni kuma in soya in haɗa da mazarƙwaila. Da za mu taho na ƙulle guda uku a bakin mayafina, guzurina ne ni kaɗai. Da hantsi ina gyara masa matashi sai ya shaƙi iska.

"Ke, mene ne a bakin mayafinki?"

"Goro ne."

"Goro yana ƙamshin suya? Ni na shuka shi, ni na kakkaɓe shi, yau za a ce mini goro?"

"Likita ya hana."

"Ɗan ɓalli kawai. In tsotsa in tofar."

Na duba hagu na duba dama, na ɓallo masa kamar kan ɗan yatsa. Bai tofar ba. Ya sake miƙo hannu. Kafin azahar guda biyu sun tafi. Haƙoran Malam a lokacin huɗu ne, kuma babu biyun da suke haɗuwa, saboda haka haɗiya kawai yake yi.

Da gari ya waye na sunkuya zan ɗauki buta, idona ya faɗa kan ledar. Ruwan cikinta ya sauya, ya koma kore-kore mai duhu. Kuma ga wasu 'yan farare suna yawo a ciki. Ni da na ƙare rayuwata ina sheƙar ridi ina tsince masa tsakuwa, ba sai an faɗa mini ba. Na ƙirga bakwai. Gabana ya faɗi, amma ba don abin da ya kamata ba. A zatona duk abin da mai roba ya ci ta nan yake bi, kuma asirina ne ya tonu. Na yi maza na ja zanen gado na rufe ledar, na zauna na kama jan carbi kamar mutuniyar kirki.

Nas ta zo awon safe, wata doguwa mai yawan tsokana. Ta yaye zanen, ta ɗaga ledar ta kai wajen taga. Dariyar fuskarta ta ɗauke.

"Inna, me kika ba shi?"

"Ni? Shayi."

"Inna, ki ji tsoron Allah, carbi na hannunki."

Na ce kantu ne, ɗan kaɗan. Ina jiran faɗa, sai na ga ta ajiye ledar ta fita da sauri har takalminta na ƙara. Suka dawo da likita. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Wannan ridi ne?"

"Na gonata ne," in ji Malam daga kwance. "Fari ne, ba irin na kasuwa ba."

Aka gungura shi aka sake ɗaukar hoto, wannan karon suka zuba wani ruwa ta cikin robar don su ga inda yake bi. Da aka dawo likitan ya jawo kujera ya zauna, ya sa aka kira ɗanmu. Ya ce, "Baba, ni na saka robar nan, ni zan faɗa muku da bakina. A hanyarta ta zuwa wajen mugunyar ta ratsa gefen hanji. Hanji yana motsi, wani lokaci yakan gitta inda hoto bai nuna ba. Ba a so hakan, amma yana faruwa. Ridin nan daga hanjinka ya shigo robar." Ya juyo gare ni. "Inna, kin karya mini doka, kuma karyawar ce ta nuna mana da wuri. Amma kada ki ƙara."

Malam ya ce, "To, ɗana, abin da ya soki mutum ai cire shi ake yi. Zare ta mana."

Likita ya girgiza kai. Ya ce yanzu robar ita ce toshiyar ramin. In an zare ta yau, abin da ke cikin hanji zai malale a cikin ciki, daga nan kuma sai wuƙa. In an bar ta, nama zai naɗe ta ya yi mata hanya, sannan a riƙa janyo ta kaɗan-kaɗan, ramin yana rufewa a bayanta. Ya ce yawanci haka yake warkewa ba tare da yanka ba. Zai saka wata robar ta biyu a inda ya kamata don mugunyar, a ba shi magani ta jijiya da ƙarin ruwa. Amma na wasu kwanaki babu abin da zai bi ta bakinsa, ko ruwa, sai dai a jiƙa masa leɓe. In cikin ya yi tauri kamar katako, ko zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, to babu makawa sai ɗakin tiyata.

Da suka fita Malam ya yafito mu, ni da ɗanmu. Ya ce, "Kada 'yan'uwana su ji. In ƙanwata ta Babura ta ji an huda mini hanji kuma an hana ni abinci, da mota za ta zo ta ɗauke ni, ta fizge robar nan a hanya." Mun san gaskiya ya faɗa. Ƙanwar tasa, wadda nake kira Goggo saboda yara, mace ce da ta taɓa korar ɓarawon akuya har cikin ƙasar Nijar da muciya a hannu. Muka yi alkawari.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne 'yan dubiya.

A wajenmu ba a zuwa duba marar lafiya hannu biyu. Kuma ba a tsaya wa babba a ka yana cin abinci. Mai dubiya zai leƙo ya ce ya jiki, ya miƙa langa, ya koma gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin ya zauna ana hira har a fito masa da kwanonsa. Kwanon shi ne labarin da zai kai gida. In ya fito wayam, mai jiki ya sami sauƙi. In ya fito yadda ya shiga, sai a fara kallon juna, a aika wa na nesa su taho.

Ranar farko langa uku ta zo. Dambun zogale daga Roni, tuwon dawa da miyar kuka daga Gwiwa, da ɗanwake daga matar ɗanmu ta Kazaure, wadda ita ma ba a faɗa mata ba. Muka lulluɓe ledojin da bargo, aka gaisa, suka fita. Na tsaya da langa uku a gabana. Na zaga gadajen ɗakin ina roƙo, ashe rabin masu jinyar an hana su ci, matansu ma neman wanda za su tura wa nasu suke yi. Zubarwa kuwa, hatsin da mutum ya sunkuya ya noma, hannuna ba zai iya ba. Ɗanmu ya koma aiki. Na ja labule, na juya wa Malam baya, na durƙusa na fuskanci bango, na yi bisimilla.

Na fita da kwanuka wayam. Suka ce, "Ya ci?" Na ce, "Ya ci." Allah ya yafe mini. Mai dambun Roni har da guɗa ƙasa-ƙasa.

Washegari langa biyar ta zo. Labari ya kai gida cewa Malam ya tashi da cin abinci kamar ya dawo daga huɗa. Ta Roni ta ƙaro dambu tunda an ce ya suɗe langar. Rannan na kasa cinye tuwon Gwiwa, na bar rabi. Mai tuwon, 'yar baffansa ce, ta buɗe murfi ta gani, idonta ya kawo ruwa.

"Ya cinye na Roni tas, nawa ne ya bari? Me na yi wa Yaya?"

Na ce daddawar ce ta ɗan yi yawa. Kashegari ta dawo da langa mafi girma, ta rage daddawa, ta ƙara man shanu. Daga nan na gane dole in yi adalci, kowace langa sai na ga ƙasanta.

Malam kuwa yana kwance a bayana, leɓensa a bushe, yana jin ƙarar cokali.

"Mene ne yau?"

"Ɗanwake."

"Da man gyaɗa?"

"Da man gyaɗa da yaji."

"Akwai ƙwai a kai?"

"Rabi."

Sai na ji ya haɗiye yawu. "Juyo in gani."

"Allah ya kiyaye."

"An hana ni ci, an hana ni sha. Kallon ma hana ni za ki yi?"

"Innata ta hana."

"Innarki ta shekara talatin a kabari, Allah ya ji ƙanta. Ba za ta faɗa wa kowa ba."

Ban juya ba. Amma na riƙa ba shi labarin kowace loma, wa ta cika gishiri, wa ta yi rowar nama. Shi kuma yana yanke hukunci daga kwance, wai 'yar baffansa tun tana yarinya ba ta iya kaɗa kuka ba. Wani lokaci dariya ta ƙwace mini da tuwo a baki, shi ma ya fara, sai ya dafe filastar ya ce in bari, robar za ta fita.

A kwana na uku zanena ya daina kaiwa inda nake soke shi. Nas ɗin nan ta tsaya ta dube ni, ta dubi Malam da ya koma kamar karan dawa, ta ce, "Inna, wai a cikinku wa aka kwantar? In kawo miki taki robar ne?" Ita ta san komai, kuma takan taimake ni da farfesun kaza in an kawo, amma tuwo ta ce ba da ita ba.

Kada a ɗauka ban ji tsoro ba. Kullum da safe likita zai zo ya danna cikin Malam da yatsu, nan da can, ni kuma ba cikin nake kallo ba, fuskar likitan nake kallo. Ran kwana na huɗu da la'asar jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Na fita na shimfiɗa mayafi zan roƙi Allah, da na zo ruku'u sai na ji dambu ya taso mini har maƙogwaro. A zaune na ƙarasa, ina kuka ina gyatsa. Na ce ya Ubangiji, ka ga halin da nake ciki, kada ka bari wahalar nan ta tashi a banza. Kafin magariba ɗumin ya sauka.

Ran kwana na biyar Goggo ta iso daga Babura. Tun daga bakin ƙofa na jiyo muryarta tana faɗa da mai adaidaita sahu a kan ya girgiza mata ƙwarya. Na riga na cinye langa huɗu a ranar, ina zaune na jingina da bango ina numfashi ta baki. Ta yaye labulen ba sallama, ƙwarya a hannu an rufe da faifai.

"Ina Yayan nawa mai cinye langa biyar?"

Ta tsaya. Ta dubi wuyansa, ta dubi ƙasusuwan kafaɗarsa. Sannan ta juyo a hankali ta dube ni daga kumatu har ƙafa.

"Matarmu, jinya ta karɓe ki."

"Kumburin zama ne, Goggo."

"Kumburin zama har da maiƙo a haɓa?"

Ta zauna a bakin gadon, ta buɗe faifan. Fura ce ta sabon gero, da kindirmon shanunta, ta dama da hannunta. Ƙamshin ya cika labulen. Na ga maƙogwaron Malam ya motsa. Kwana biyar ko ruwa bai haɗiya ba.

"Goggo, kawo in ba shi, ki je ki huta a gindin bishiya."

"Na huta a mota. Yau da hannuna zan ba shi. A gidanmu ba a taɓa barin mutum da yunwa danginsa na tsaye ba. Buɗe baki, Yaya."

Ta cika ludayi. Na dubi Malam ina jiran ya ce a'a. Wallahi mutumin nan, da ya sa mu yin alkawari, sai na ga bakinsa yana buɗewa da kansa, idonsa a kan ludayin kamar ɗan maraƙi. Nas ba ta kusa. Ludayin ya kai tsakiyar hanya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge ludayin na kai bakina, na sure ƙwaryar daga cinyarta da hannu biyu, na kafa kai. A tsaye, a gaban mijina, a gaban ƙanwar mijina, fura na bin haɓata tana sauka a wuyana. Ban sauke ba sai da na ga zanen ƙasan ƙwaryar. Sannan na yi wata gyatsa da mai gadon kusa ya ce alhamdu lillahi a madadina.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Jama'a ku zo ku gani! Ashe ita take cinyewa! Ta kashe mini ɗan'uwa da yunwa!"

Malam kuwa ya kama ƙarfen gado da hannu ɗaya, ya dafe filasta da ɗayan, dariya na girgiza shi, hawaye na bin kunnuwansa.

"Ku bari... robar... Ashe haka kike sha? Ashe lumshe ido kike yi?"

A cikin wannan girgizar bargon ya zame, ledoji biyu suka bayyana, ɗaya da ruwan nan mai duhu. Goggo ta zuba musu ido. Babu sauran ɓoyo, na faɗa mata komai, ina share fura da bakin mayafi. Kafin in rufe baki ta miƙa hannu wajen filastar.

"Sun huda shi kuma sun bar abin a ciki? Yanzu zan zare tsiyar nan mu tafi gida."

Na faɗa kan hannunta da dukan sabon nauyina. Amma Malam ne ya tsayar da ita. Ya daina dariya, ya kira ta da sunan da yake kiran ta tun suna yara a ruga.

"Kin tuna jar saniyar Baffa da ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura?"

"Na tuna."

"Da ya soke ta a kwiɓi ya zura kara, wa ya ce a cire karan nan take?"

Ta ce, "Ni."

"Me ya yi miki?"

"Ya make mini hannu."

"Saniyar fa?"

"Ta haifi uku bayan nan."

"To, ɗauke hannunki daga karana."

Ta ɗauke. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, ni ma na taya ta. Da ta gama ta fyace hanci ta ce, "Langa nawa ta rage?" Na ce biyu. Ta ce, "Miƙo ɗaya." Daga ranar Goggo ta tare a asibitin. Ita take tsaron ƙofa, ita take fita da kwanuka ta ce ya ci, da ƙarfin da babu mai sake tambaya. Ni kuma tunda abin kunyar ya riga ya faru, da Malam ya ce in juyo, sai na juyo. Ina ci yana kallo, yana cewa in rage sauri, in ɗauki wancan naman na gefe.

Bayan kwana biyu likita ya danna cikin ya ji shi laushi, ya ce a ba shi ruwa cokali uku. Malam ya riƙe na farko a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Sai shayi, sai kunu. Robar mugunya aka fara cirewa. Ta hanjin ta kai mako uku, sannan suka fara janyo ta, yau ɗan kaɗan, jibi ɗan kaɗan, kullum ana duba ledar. Ranar da ta fita duka na sa ido in ga rami, sai na ga ɗan wuri kamar cizon kaska. Ya yi 'yan kwanaki yana damshi, ya bushe. Wuƙa ba ta taɓa shi ba. Da za mu tafi likitan ya riƙe hannun Malam ya sake ba shi haƙuri. Malam ya ce in ridi ya nuna zai aiko masa da kwano guda, kuma ya aika.

Daren farko a gida ban ma kai ga bayan rumbu ba. Tun da yamma, da na ajiye masa tuwo zan juya, ya kama bakin zanena.

"Ina za ki? Wanko hannu."

"Mutane za su gani."

"Na riga su gani."

Shekara shida muna ci a kwano ɗaya a ƙofar ɗaki. Ƙauye ya yi surutu har ya gaji. Surukaina in sun shigo sai su sunkuyar da kai su wuce da sauri kamar sun tarar da mu muna wanka. Yakan tura mini nama gefena, ya ce ni ce na saba da aikin. In na yi kantu kuwa sai ya ɗaga riga ya duba tabon, wai ko zai fito.

Da ya rasu, langunan nan dai suka dawo, ta Roni, ta Gwiwa, ta Kazaure, har da babbar nan ta 'yar baffansa. Na gane kowace da lambarta. Kwana uku ban iya sa komai a bakina ba. In an ajiye mini kwano sai in ga gefensa babu hannu, in tura shi. Mata suka yi lallashi, ɗanmu ya yi, ban ji ba.

Ran na huɗu Goggo ta kore kowa daga ɗakin. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya. Ta ajiye ƙwarya a gabana, ta buɗe faifai, ta zauna daidai inda yake zama. Ba ta ce in yi haƙuri ba.

"Matarmu, ɗauki. Ba da ludayi ba. Yadda kika yi rannan."

Na ce ba zan iya ba.

"Kin iya da langa huɗu a cikinki. Kafa kai, ina kallo."

Na ɗauka da hannu biyu. Ina sha ina kuka, ita ma tana kuka, fura na bin haɓata. Da na sauke ta leƙa ƙwaryar ta ce na bar saura, wai ko furar Babura ce ba ta kai ta Roni ba. Na sake ɗauka na shanye.